Faɗi-ka-mutu: Sirrin Tangaran Daga Ƙasar Sin Zuwa Ingila

Gabatarwa

A garin Dutsi da sauran garuruwan shiyyar Daura, kamar yadda yake a ko'ina cikin ƙasar Hausa, ba a cewa an gama shirin kai amarya sai an yi mata jere. Kafin ranar tarewa 'yan'uwanta mata kan je ɗakin su shirya kwanuka da farantai da kofuna daki-daki, manya a ƙasa, ƙanana a bisa. Yawancin waɗannan kaya ba don a ci abinci a cikinsu ake jera su ba. Ado ne, kuma ajiya ce, domin in larura ta taso mace kan iya sayar da wasu ta biya buƙata.

Daga cikin kayan jere akwai nau'in da Bahaushe ya laƙaba wa suna faɗi-ka-mutu, wato tangaran. Fari ne fat, ga santsi. In an ƙwanƙwasa shi da farce sai ya yi amo kamar ƙararrawa, in kuwa ya suɓuce sai dai a ɗauko tsintsiya. Mutane da yawa sun ɗauka wani irin gilashi ne, alhali ƙasa ce aka gasa, dangin tukunya da randa.

A Ingila ma akwai masu tara tangaran, sai dai su tsofaffi suke nema, musamman butocin shayi da kofuna da farantan da aka ƙera a can a ƙarni na 18, aka yi musu zane irin na mutanen Sin. Sukan bi kasuwannin gwanjo, su biya kuɗi masu kauri a kan kofi guda wanda watakila ma ya tsage. Wannan maƙala za ta bayyana abin da tangaran yake a idon kimiyya, da yadda Ingilishi suka yi ta faɗi-tashi kafin su iya ƙera shi, da hanyoyin da masu tarawa ke bi su bambance tsoho da sabo, sannan da abin da labarin ke koya wa ɗalibin da ke zaune a jihar da Allah ya hore wa farar ƙasa.

Jere Ya Daɗe Yana Sauya Kama

Son kwanon da ya fito daga nesa tsohon hali ne a wannan yanki. A Durɓi ta Kusheyi, cikin Ƙaramar Hukumar Mani, maƙwabciyar Dutsi, akwai tsofaffin kaburburan sarakuna. An tona wasu a 1907, aka sake tona wasu a 1992. Cikin abubuwan da aka samu har da duwatsun wuya da wuri da tasoshin ƙarfe waɗanda masana suka gano cewa daga ƙasashen Musulmi na Gabas aka kawo su, shekaru ɗaruruwa da suka wuce.

A da, jeren talaka ƙorai ne da akusa da fayafai, masu hali kuma su ƙara da tasoshin tagulla. Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kantunan Turawa suka cika kasuwa da langa da fanteka da kwalla, wato kwanukan ƙarfe da aka shafe da wani ruwan gilashi mai launi. Daga Turai aka fara kawo su, daga baya Hon Kon ta karɓe kasuwar, har attajiranta suka zo suka kafa masana'antu a Nijeriya wajen shekarun samun 'yancin kai. Tangaran ya biyo baya, tare da kabad mai ƙofar gilashi da ake jera shi a ciki. Mafi yawan wanda ake saye a yau daga ƙasar Sin yake zuwa, wato ya fito ne daga ainihin mahaifarsa.

A gabar tekun Afirka ta Gabas kuwa, tangaran ɗin Sin ya riga Turawa isa. A tsofaffin biranen Kilwa da Gedi an sami gutsattsarinsa da yawa, kuma mutanen wannan gaɓa sukan kafa kwanukansa a jikin bangon masallatai da kaburburan manya, kamar yadda ake kafa farantai a bangon soro ko ɗakin amarya a ƙasar Hausa.

Mene Ne Tangaran?

Tukunyar da maginan gida ke yi, da yumɓu ake gina ta, a lulluɓe ta da kara da itace da kashin shanu a cinna wuta a fili. Zafin irin wannan gashi yakan kai tsakanin digiri 600 da 900 a ma'aunin Salshiyas. Wannan zafi ya isa ya ƙone yumɓun ya yi tauri, amma bai isa ya narkar da shi ba. Saboda haka jikin tukunya cike yake da ƙananan kafofi da ido ba ya gani. Ta waɗannan kafofi ne ruwan randa ke tsattsafowa waje, iska ta busar da shi, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Jan launin tukunya kuwa daga sinadarin ƙarfe yake, wanda ke cikin yumɓun.

Shi tangaran abubuwa uku ake haɗawa. Na farko farar ƙasa ce mai laushi, wadda masana ke kira kawolin, kuma kusan babu ƙarfe a cikinta, shi ya sa ba ta ja in an gasa. Na biyu wani ma'adini ne mai suna felsifa. Na uku ƙanƙarar dutse ce, wadda ake kira kwaz. A haɗin da aka fi sani a Turai, rabi kawolin ne, ragowar rabin kuma a raba shi daidai tsakanin sauran biyun.

Abin sha'awa shi ne, dukkan ukun daga dutse ɗaya suke iya fitowa, wato dutsen giranit, irin wanda ya cika sassa da dama na Jihar Katsina. In aka duba ɓallin giranit da kyau za a ga ƙwayoyi iri-iri: masu ƙyalli kamar gilashi su ne kwaz, masu fari ko ruwan hoda su ne felsifa. Idan ruwan sama ya daɗe yana ratsa dutsen shekaru dubbai, sai ya wanke wasu sinadarai daga jikin felsifa, abin da ya rage ya ruɓe ya zama kawolin. Ke nan farar ƙasa dutse ne da ya tsufa.

Idan an gina kofi da wannan haɗi aka sa a tanderu, ga abin da ke faruwa. Wajen digiri 550 kawolin kan saki ruwan da ke ɗaure a cikin ƙwayoyinsa, daga nan ba zai sake komawa laka ba. Da zafi ya wuce digiri 1,100 sai felsifa ta soma narkewa ta zama ruwan gilashi, ta bi ta toshe kafofi. A lokaci guda wasu siraran ƙwayoyi masu kama da allurai, da ake kira malayit, suna tsirowa suna sarƙe juna. Kafin a kai digiri 1,300 zuwa 1,400 jikin kofin ya haɗe ya zama abu guda. Wannan ne dalilin da ya sa tangaran ba ya shan ruwa, yake yin amo, kuma haske ke ratsa shi in siriri ne. Shi ne kuma dalilin da ya sa ba ya lanƙwasa: da tsaga ta fara sai ta zarce, babu abin da zai tare ta.

Sirrin da Sin Ta Riƙe

Mutanen Sin sun ƙware a farin tangaran tun zamanin daular Tang, wadda ta yi mulki daga 618 zuwa 907. Wani littafin Larabci da aka rubuta a 851, wanda ya ƙunshi labarin wani falke mai suna Sulaiman, ya ba da bayanin kofunan Sin da aka yi da laka amma ana hango ruwa ta jikinsu. Ibn Baɗɗuɗa, matafiyin nan da ya ratsa Mali da Takedda wajen 1352 zuwa 1353, shi ma ya ambaci tangaran ɗin Sin da yadda ake fatauci da shi zuwa Indiya da wasu ƙasashe.

Cibiyar wannan sana'a ita ce birnin Jingdezhen, wanda ya sami sunansa a 1004. Kusa da shi akwai wani tsauni mai suna Gaoling inda ake haƙo farar ƙasa, kuma daga sunan tsaunin ne kalmar kawolin ta samo asali. A ƙarni na 14 maƙeran birnin suka shahara da zanen shuɗi a kan fari. Da sinadarin kobal suke yin shuɗin, wanda da farko daga Farisa ake kawo shi. Kobal na cikin 'yan tsirarun launukan da ke jure wutar tanderu, don haka ana zana shi a jikin kofi, a shafe da ruwan ƙyalli, a gasa gaba ɗaya. Zanen yana ƙarƙashin ƙyallin, wanki ba ya goge shi.

Da jiragen Fotugal da na Holan suka fara kai wannan kaya Turai, sarakuna suka ruɗe. Sarki Ogastas na Saksoni, a Jamus ta yau, ya kai ga ba Sarkin Furushiya sojojin doki 600 a 1717, aka ba shi tangaran ɗin Sin guda 151. A ƙarƙashinsa ne Johann Böttger da Ehrenfried von Tschirnhaus suka gano haɗin a 1708, aka buɗe masana'antar Meissen a 1710. Amma su ma sai suka ɓoye sirrin. A 1712 da 1722 wani limamin Kirista Bafaranshe mai suna d'Entrecolles, wanda ya zauna a Sin, ya aiko da wasiƙu biyu masu bayanin yadda ake aiki a Jingdezhen. Wasiƙun sun faɗi sunayen kayan haɗin, amma ba su gaya wa Bature inda zai same su a ƙasarsa ba.

Shayi Ya Shiga Ingila

Shayi ya isa Landan a shekarun 1650. Daga Sin ake kawo shi, kuma yana da tsada har uwargida kan kulle ganyen a akwati ta riƙe mabuɗi. Jiragen Kamfanin Indiya ta Gabas sukan jera akwatunan tangaran a ƙasan jirgi, domin yana da nauyi kuma danshi ba ya ɓata shi, sannan a ɗora shayi a kai. Yawan kayan da jirgi ɗaya ke ɗauka ya fito fili a 1985, lokacin da aka tsamo kayan wani jirgin Holan mai suna Geldermalsen da ya nutse a 1752. An sami tangaran kusan guda 150,000, aka yi gwanjonsu a Amstadam a 1986.

Da yake tare da shayi tangaran ya zo, sai Ingilishi suka ɗauka cewa kayan shan shayi na ƙwarai dole ne su yi kama da na Sin. Kofunansu na farko ba su da mariƙi, 'yan ƙanana ne kamar kofunan da Buzaye ke shan shayi da su. Cikakken saiti ya ƙunshi buta, da kofuna da farantansu, da tulun madara, da kwanon sukari, da kwanon zuba ragowar shayi, da gwangwanin ajiye ganye. A 1784 majalisa ta rage harajin shayi daga kashi 119 cikin ɗari zuwa kashi 12 da rabi, sai shayi ya shiga gidan talaka. A 1791 kuma kamfanin ya daina shigo da tangaran ɗin Sin da yawa kamar da. Buƙata ta ƙaru, kaya ya ragu, kasuwa ta buɗe wa maƙeran gida.

Hanyoyi Huɗu da Ingila Ta Gwada

Sarakunan Jamus da Faransa su ne suka riƙa ɗaukar nauyin manyan masana'antun ƙasashensu. A Ingila 'yan kasuwa ne suka zuba kuɗinsu, kuma da yawansu sun karye. Da yake da farko ba su san inda kawolin yake ba, kowa ya gwada abin da hannunsa ya kai.

Hanya ta farko ita ce ta masana'antar Chelsea, wadda ta fara aiki a Landan wajen 1745. Nan ana niƙa wani irin gilashi a gauraya da farin yumɓu, a gasa a zafin da bai kai na Sin ba. Kayan kan fito da kyau, amma da yawa sukan sulale a cikin tanderu, waɗanda suka tsira kuma tafasasshen ruwa kan iya tsaga su. Dalili shi ne, cikin buta kan yi zafi ya buɗe farat ɗaya alhali bayanta na da sanyi, sai jikin ya kasa jure jan da ake yi masa.

Hanya ta biyu ta masana'antar Bow ce, wadda masu ita suka raɗa wa suna Sabuwar Kanton, sunan tashar jiragen ruwan da kayan Sin ke fitowa. A 1749 Thomas Frye ya yi rajistar wani haɗi da ya ƙunshi tokar ƙashi. Tokar ta sa kayan sun daina yawan sulalewa a wuta.

Hanya ta uku ita ce ta Worcester, wadda wani likita mai suna John Wall da abokansa suka kafa a 1751. Su wani dutse mai santsi kamar sabulu suka riƙa haƙowa daga yankin Cornwall suna sawa a haɗinsu. Butocinsu suna jure ruwan zafi, shi ya sa suka mamaye kasuwar kayan shayi, shi ya sa kuma har yau ake samun su da yawa a hannun masu tarawa.

Hanya ta huɗu ta William Cookworthy ce, wani mai haɗa magunguna a garin Plymouth. Ya karanta bayanin d'Entrecolles, ya shiga neman farar ƙasa, har ya same ta a Cornwall a shekarun 1740. Duk da haka sai da ya shafe shekaru kimanin 20 yana gwaji kafin ya yi rajistar tangaran na ainihi a 1768. Masana'antarsa ba ta yi riba ba, amma farar ƙasar da ya gano ta zama babbar dukiya ga ƙasar.

A shekarun 1790 gidan Spode da ke Stoke ya haɗa hanya ta biyu da ta huɗu. Rabin haɗin tokar ƙashin shanu ce, kashi ɗaya cikin huɗu kawolin, ragowar kuma dutsen Cornwall mai felsifa. Tokar ƙashi sinadarin kalsiyam fosfet ce, kuma in ta haɗu da sauran a wuta sai a sami jiki fari ƙal, siriri, mai ratsa haske, wanda ba ya saurin ɓallewa a baki. Wannan shi ne tangaran mai ƙashi. Masu neman kwaikwayon Sin sun ƙare da ƙirƙiro abin da Sin ba ta da shi, kuma a yau masana'antun Sin ma suna yin irinsa.

Zanen Sin da Hannun Bature

Masu zanen Ingila ba su taɓa ganin ƙasar Sin ba. Daga jikin farantan da ake kawowa suke kwafe gadoji da hasumiyoyi da masunta da tsuntsaye, su ƙara da abin da suka raya a zuci. Sau da yawa sai a ga mutum ya fi gidansa tsawo, ko fure ya fi jirgin ruwa girma. Irin waɗannan kurakurai ne masu tarawa ke jin daɗin gani, domin suna nuna hannun wanda ya yi aikin.

A shekarun 1750 aka fito da dabarar buga zane. Ana sassaƙa hoto a kan farantin jan ƙarfe, a cika layukan da launi, a danna siririyar takarda a kai, sannan a manna takardar a jikin kofi. Aikin da mai zane zai wuni yana yi sai a gama shi cikin 'yan mintoci, farashi ya sauko.

Zanen da ya fi kowanne shahara shi ne na itaciyar wilo, mai rassa masu zubowa ƙasa, da gada da mutane uku a kanta, da kwalekwale, da tsuntsaye biyu a sama. A Ingila aka harhaɗa shi wajen 1790. Daga baya aka ƙaga masa labarin wasu masoya biyu da suka gudu daga gidan wani attajiri, har wata mujalla ta buga labarin a 1849, mutane suka ɗauka tsohuwar tatsuniyar Sin ce. Zanen ya karɓu har maƙeran Sin suka koma suna kwaikwayonsa suna sayar wa Turawa.

Yadda Masu Tarawa Ke Gane Kaya

Mai tara tsohon tangaran aikin ɗan kimiyya yake yi: ya duba, ya kwatanta, sannan ya yanke hukunci. Abu na farko shi ne haske. In aka ɗaga tsohon farantin Worcester a gaban fitila, hasken kan fito da ɗan kore-kore, na masana'antar Caughley kuma ya fi karkata zuwa ruwan lemo. Na biyu shi ne wurin da ya ɓalle: tangaran na ainihi kan ɓalle da santsi kamar gilashi, mai taushin haɗi kuwa sai a ga wurin da gari-gari. Na uku zane ne. Da madubin ƙara girma ana iya ganin sawun buroshi a zanen hannu, a bugagge kuma a ga siraran layuka da wurin da bakin takarda ya haɗu.

Na huɗu shi ne tambarin da ke gindi. Chelsea ƙugiyar jirgin ruwa take sawa, Worcester jinjirin wata, Meissen takubba biyu a gicciye. Wasu lokuta ma'aikatan Worcester kan yi wasu 'yan zane-zane masu kama da rubutun Sin waɗanda ba su da ma'anar komai. Sai dai tambari kaɗai ba hujja ba ne. Masana'antar Lowestoft ta kwafi jinjirin watan Worcester da takubban Meissen, kamfanin Samson na Faris kuma, wanda aka kafa a 1845, ya yi ta ƙera kwafin tsofaffin kaya. Kyan ɗan maciji ke nan, sai an yi hattara. A yau gidajen adana kayan tarihi suna amfani da na'urar da ke harba hasken ekis-re ta faɗi sinadaran da ke jikin kofi ba tare da an kankare shi ba.

Akwai wata ƙa'ida mai sauƙi da za ta amfani duk wanda ya juya tsohon faranti a jeren kakarsa. Wata dokar Amurka ta 1890 ta wajabta rubuta sunan ƙasar da aka yi kaya. Saboda haka farantin da aka rubuta wa "England" galibi bayan 1891 aka yi shi, wanda aka rubuta wa "Made in England" kuma galibi na ƙarni na 20 ne. Irin waɗannan ba su kai tsufan na Chelsea ko Bow ba, amma shaida ne a kan cinikin da ya gudana tsakanin kantunan Kano da ƙauyuka.

Tsohon gyara ma abin lura ne. A da in faranti ya fashe a Ingila, akan huda shi a ɗaure da 'yan ƙusoshin ƙarfe, kamar yadda gyartai ke ɗinke ƙwarya. Wannan na nuna darajar da kayan ke da ita a wurin masu shi. Tsofaffin masana'antun kuwa sun rufe: ta Spode ta daina aiki a mazauninta na asali a 2008, ta Worcester kuma a 2009, ko da yake wani kamfani ya sayi sunayen yana ci gaba da amfani da su.

Hattara da Dalma

Ruwan ƙyallin da aka shafa wa yawancin tsofaffin kayan Ingila yana da dalma, haka ma wasu launukan ja da rawaya da ake zanawa a bisa ƙyalli. Abu mai tsami, kamar lemon tsami ko tsamiya ko zoɓo, kan iya narkar da ɗan kaɗan daga dalmar ya shiga ciki. Dalma guba ce mai taruwa a jiki, kuma ta fi illa ga ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Saboda haka tsohon kofi mai zane a ciki, ko wanda ƙyallinsa ya tsattsage ko ya dusashe, a bar shi a kabad don ado, kada a riƙa ba yara abin sha a cikinsa.

Gwaji a Aji

Malamin kimiyya zai iya nuna wa ɗalibai bambancin gashi biyu da kayan da ba sai an saya ba. A samo katangar fasasshiyar tukunya da gutsuren fasasshen tangaran, a shanya su a rana su bushe sarai, a auna nauyin kowanne a rubuta. A jiƙa su a ruwa su kwana, a goge bayansu, a sake aunawa. A cire nauyin farko daga na biyu, a raba da nauyin farko, a ninka sau 100. Katangar tukunya takan ƙara kashi 10 cikin ɗari ko fiye, tangaran na ƙwarai kuwa ba ya kai rabin kashi ɗaya. Bayan haka a haska kowanne da tocila a ɗaki mai duhu, a kuma ƙwanƙwasa su a saurari amo. Sai a nemi ɗalibai su bayyana sakamakon da abin da suka koya game da kafofi da narkewar felsifa.

Kammalawa

Duk abin da gidan Spode ya haɗa akwai shi a arewacin Nijeriya. Akwai kawolin a Ƙanƙara cikin Jihar Katsina, wanda masu bincike a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka yi nazarce-nazarce a kansa, akwai shi kuma a Alƙaleri ta Jihar Bauci da sassan Filato. Felsifa da kwaz suna cikin duwatsu. Ƙashin shanu kuwa, duk wanda ya ga yawan dabbobin da ke shiga kasuwar Mai'adua ya san ba za a rasa shi a mayanka ba. An kuma taɓa gwada gashi mai zafi a ƙasar nan: a farkon shekarun 1950 Michael Cardew ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, inda Ladi Kwali, wadda hotonta ke jikin takardar naira 20, ta shiga a 1954 ta haɗa zanen gargajiya da sabuwar hanyar gashi.

Abin da ya rage shi ne aikin da ya ci wa Cookworthy shekaru 20: tace ƙasa a raba ta da ƙarfe da yashi, auna haɗi daidai, gina tanderun da zai riƙe digiri 1,300 da gas ko lantarki ba tare da an ƙarar da itatuwan yankin da hamada ke yi wa barazana ba, da rubuta sakamakon kowane gwaji ko da ya lalace. Waɗannan darussa ne na kimiyyar sinadarai da fiziya da ilimin ma'adinai, kuma ana koyar da ƙirar tangaran a Sashen Zayyanar Masana'antu na Jami'ar Ahmadu Bello. Ɗalibin sakandare a Dutsi ko Mashi ko Daura da ke da sha'awa, hanyar a buɗe take.

Haka nan ya kamata makarantu su fara rubuta tarihin kayan jeren da ke garuruwansu kafin su ƙare a hannun 'yan gwangwan: sunan kowane kwano a bakin tsofaffi, shekarar da aka saye shi, kasuwar da ya fito, da tambarin da ke gindinsa. Ingilishi sun san tarihin Bow da Lowestoft ne domin wasu sun ajiye kofuna, sun tona wuraren da masana'antun suka zauna, sun rubuta abin da suka gani. Littafin rubutu guda da tocila da madubin ƙara girma sun isa a fara irin wannan aiki a kowace makaranta.